Yadda ake ƙirga beyar a daji da gashinta kawai

Wai ta yaya mutum zai ƙirga dabbar da in kun yi ido huɗu sai dai wani ba kai ba? Beyar ɗin girizili ta Amurka da Kanada nake nufi. Tarko ake yi mata, amma na gashi.

Ka sami bishiyoyi kusa da juna, ka zagaye su da waya mai ƙaya layi ɗaya tak, tsayinta daga ƙasa kamar santimita 50. A tsakiya ka tara itace ka kwarara masa ruɓaɓɓen kifi da jinin shanu da ya daɗe yana wari. Wari kawai fa, kar ka sa nama, in ta sami abinci za ta saba da wajen kuma lissafi ya lalace. Tana jin ƙamshin abinta za ta zo, ko ta tsallaka ko ta rarrafa ta ƙarƙashi, ƙayar ta tsinke mata gashi, irin yadda akuya ke barin gashi a shingen gona in ta kutsa.

Bayan sati biyu ka dawo, kuma nan ne aikin yake. Safar hannu tukunna, sannan matsefata. Gashin kowace ƙaya ambulan ɗinsa daban, ka rubuta lambar tarko da kwanan wata, kuma ambulan na takarda, leda ba ta yi sam saboda tana riƙe laima, laima ko rana mai zafi su ke kashe DNA (ƙwayoyin gado da ke bambanta kowace dabba) ɗin da ke saiwar gashin, kuma saiwar ake nema ba tsawon gashin ba. In ka gama ka bi ƙayoyin da wutar laita ka ƙone ragowar, kada na yau ya cakuɗe da na zuwa na gaba.

Sauran na ɗakin gwaji ne. Su za su ce wannan girizili ce ko baƙar beyar, mace ko namiji, wacce ce takamaimai. Yawan waɗanda aka sake samu a zagaye na gaba shi ke nuna nawa ne ba su taɓa zuwa ba.

A 2004 an yi wannan a arewacin Montana, har da gandun dajin Glacier, aka tara samfurin gashi wajen 34,000, aka ƙiyasta beyar girizili 765.

Ni dai da masu binciken namu za su gwada wa kuraye a dajin Falgore, sai dai a sauke wayar ƙasa kaɗan, kuma a fara zama da makiyaya da mafarauta don kar wani ya kwance ta ya kai gida.