Darasi na 9: Sayen boris ɗin ƙafar baya

Duk mai tuƙi a Kaduna ya san wannan ƙara. Ka hau baifas ɗin Nnamdi Azikiwe, mota ta ɗauki gudu, sai ka ji gurnani daga baya, guuu, kamar jirgi zai sauka. Ka rage wuta ya lafa, ka ƙara wuta ya taso. Sau da yawa boris ne ya gaji.

Boris zoben ƙarfe ne guda biyu, ɗaya cikin ɗaya, da ƙwallayen ƙarfe ko 'yan sanduna a tsakaninsu suna iyo cikin giris. A kansa taya take juyawa. Ramukan hanya, lodin da ya wuce kima, da ruwan damina da ke shiga ya wanke giris, su ne ajalinsa.

Amma kada ka ruga kasuwa don ƙara kawai, domin tayar da ta cinye gefe guda ita ma tana irin wannan gurnani. Samu wuri mai lebur, ka tokare tayoyin gaba da dutse, ka ɗaga ƙafar da jak, ka sauke birkin hannu. Kama tayar, hannu ɗaya a sama ɗaya a ƙasa, ka girgiza. In tana lilo, ko ka juya ta ka ji ƙasa-ƙasa kamar ana niƙa tsakuwa, to boris ne. Kuma kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Wane iri motarka take ci?

Golf 3, wadda 'yan tasi suka daɗe suna ji da ita, tana cin ƙananan boris biyu a kowace ƙafar baya, na ciki da na waje. Ana cika su da giris, a ɗaure su da noti daidai wa daida. Peugeot 206 kuwa boris ɗaya ne rufaffe, da girishinsa a ciki tun daga kamfani, danna shi ake yi cikin gangar birki. Ita Corolla ta 2003 zuwa 2008 ba a sayar da boris ɗinta shi kaɗai. A haɗe yake da hob, wato farantin da ake ɗaura taya a jikinsa, sai dai a kwance kusoshi huɗu a canja shi dungurungum.

A nan mutane ke faɗawa rami. Corolla ɗin da aka yi wa kasuwar Amurka a waɗannan shekaru kusoshin tayarta 5 ne, wadda aka yi wa Turai kuwa 4. Suna ɗaya, shekara ɗaya, hob daban. Sannan akwai hob mai wurin jona wayar ABS, wato na'urar da ke hana taya cijewa in an taka birki da ƙarfi, akwai marar shi. Ka sa marar shi a motar da ke da ABS, fitilar ABS ta gaban direba za ta kama ta ƙi mutuwa. Saboda haka cewa mai shago “ba ni na Corolla” bai isa ba.

Karanta lambar

Wannan shi ne inda karatun da kuke yi a ajin nan zai mayar muku da kuɗi aljihu. Yawancin boris suna da lamba a zane a gefen zobensu. Goge tsohon da tsumma da ɗan kananzir, ka kai shi haske. Za ka iya ganin irin wannan:

DAC25520037

Kada tsawonta ya ba ka tsoro, gutsura ta za ka yi. Bayan haruffan, 25 faɗin ramin ciki ne, milimita 25. Sai 52, faɗinsa daga waje. Lambobin ƙarshe, 37, kaurinsa ne. Ke nan 25 da 52 da 37. Wannan shi ne awon da ake samu a bayan 206 mai gangar birki. Kowane kamfani yana da salon rubuta tasa lambar, amma awon nan uku dole su zo ɗaya da na tsohon. Milimita ɗaya tak ta bambanta, ko dai ya ƙi shiga, ko ya shiga yana rawa.

In lambar ta goge, akwai lambar jikin mota, wadda makanikai ke kira lambar cesis. Tana cikin takardun mota, tana kuma ƙasan gilashin gaba ta wajen direba a motoci da yawa. Haruffa da lambobi 17 ne. Ku lura da wani abu: ba a sa harafin I ko O ko Q a cikinta. In ka ga abu zagaye, sifili ne. In ka ga tsaye kamar sanda, ɗaya ne. A motocin kasuwar Amurka, abu na 10 a jerin shi ke faɗin shekara: 5 na nufin 2005, A na nufin 2010. Ƙirga da yatsa, ka kwafe ta a takarda sannu a hankali.

A kasuwa

Na taɓa raka wani kawuna, tsohon direba, Ori Apata neman hob. Bai yi boko ba, amma ya naɗe tsohon hob ɗin a leda ya taho da shi. Yaron shago ya miƙo sabo cikin kwali mai sheƙi.

“Baba, ga shi, orijina ne. Daidai motarka.”

Kawu bai tanka ba. Ya ajiye tsoho da sabo gefe da gefe a kan benci, ya bi kusoshin da yatsa. “Yaro, nawa biyar ne. Naka fa?”

“Huɗu ne, Baba. Amma ai duk Corolla ce.”

“To in ɗaura ta biyar ɗin a ina, a aljihuna?”

Yaron ya yi dariya, ya koma ciki ya fito da mai biyar. Gani ya kori ji. Kawu ya juya shi kusa da kunnensa, ya ji shiru, sannan aka fara ciniki. Kafin ya biya ya ce a rubuta masa rasit da lambar kayan, da sharaɗin in bai shiga ba zai dawo da shi. Ku ma ku riƙa yin haka, kuma ku karanta rasit ɗin kafin ku bar shagon.

Ku zaga shago uku aƙalla, ko a Ori Apata ko Panteka, ku rubuta farashin kowanne. Sunayen da aka sani da inganci sun haɗa da SKF na Suwidin, FAG na Jamus, Timken na Amurka, da Koyo da NSK da NTN na Japan. Sai dai sunan a kwali ba shaida ba ne, don waɗannan ɗin ne aka fi yi wa jabu. Duba ƙarfen kansa: rubutu ya fito tsaf, ba tsatsa, ba kaushi, robar da ta rufe giris ba ta tsage ba. In aka yi maka farashin da ya faɗi warwas ƙasa da na sauran shaguna, yi hattara, araha ba ta ado.

Akwai kuma Baljiyam, wato wanda aka ciro daga motar da ta yi aiki a waje. A ganina hob ɗin Baljiyam da ka juya ka ji shi sumul ya fi sabon jabu. Amma boris ɗin da ake dannawa, irin na 206, kada ka saye shi tsoho, domin wajen ciro shi ma ana yi masa lahani.

Ga lissafi, a matsayin misali kawai. A ce jabu naira 12,000 ne, mai kyau 25,000, kuɗin aiki 5,000. Ka sa jabu ya mutu sau biyu cikin shekara: 17,000 sau 2, ya zama 34,000. Mai kyau da aikinsa 30,000 ne. Ba a ma sa ranakun da mota ta kwana a gareji ba.

Ka tsaya a kan aikin in za ka iya. Makanikan Kurmin Mashi da sauran garejoji sun san masu injin danna boris. A kai can, kada a buga shi da guduma, don duka na yi wa zoben tabo tun bai fara aiki ba. Na Golf kuma in aka ɗaure notin tamau zai yi zafi ya ƙone. Bayan gyara ka ɗan zaga, ka tsaya ka kai hannu kusa da tsakiyar kowace ƙafar baya, ka ji ko ɗaya ta fi ɗaya zafi.

Aikin gida: wani boris yana ɗauke da lamba DAC38740036. Rubuta faɗin cikinsa, da na wajensa, da kaurinsa. Sannan ka nemi takardun wata mota a gidanku ko na maƙwabci, ka kwafo lambar cesis ɗinta, ka ja layi a ƙarƙashin abu na 10, ka zo da ita aji.