Yadda ake gasa dankalin Turawa a cikin takardar alminiyom

Duk ranar da aka shigo mana da giwan ruwa daga kogin Binuwai aka ce a gasa, gardamar da ke biyo baya a gidanmu na unguwar Yelwa, nan Garwa ta ƙasar Kamaru, ba ta wuce ɗaya: da me za a ci? Soyayyen dankali kowa na so, amma yana shanye rabin kwalbar man girki na Diamaor, kuma sai mutum ya tsaya a kan kasko yana gumi, ga kifi can yana jiran a juya shi. Shi ya sa na koma gashin takarda. Wutar da ke gasa kifin ita ce ke dafa mahaɗinsa, babu tukunyar wankewa, man da za ki sa kuwa bai wuce cokali biyu ba.

Takardar ita ce wadda masu tsire da masu gashin kaza ke naɗe nama a ciki. In kin je kanti ki ce "papier alu", za a miƙo miki. Ki nemi mai kauri. In siririya kaɗai kika samu, ki riɓanya ta biyu.

Sai dankalin. Wanda ake kawowa daga Ngaundere ko daga yamma, wajajen Cang da Bafusam, duk ya yi, muddin yana da ƙarfi in kin matsa shi, bai yanƙwane ba, bai fito da tsiro ba. Wanda bayansa ya yi kore ki bar wa mai shi, domin alama ce ta ya sha haske, kuma irinsa yakan tara wani dafi mai ɗaci da ke murɗa ciki, wanda gashi ba ya kashewa. In koren ɗan kaɗan ne, ki yanke wurin da zurfi. Ki zaɓi masu girma ɗaya, kada wani ya nuna wani yana ɗanye. Kilo ɗaya yana isar mutum huɗu idan akwai kifi ko nama a gefe.

Ki wanke shi sosai da soso har ƙasar ta fita, sa'an nan ki tsane shi da ƙyalle mai tsabta. Ni ba na ferewa. Ɓawon siriri ne, yana riƙe dankalin kada ya dagargaje, kuma a nan ne gishiri da yaji ke kamawa. Surukata ta daɗe ba ta yarda da wannan ba. Ranar farko ta dube ni ta ce, "Ke 'yar nan, wuƙa ce ta ɓace a gidan?" Na ce, "Inna, a dai ɗanɗana tukuna." Har yau takan ce a fere mata nata, ni kuma ina fere mata.

Daga nan hanya ta rabu biyu: ko ki gasa shi ɗungurungum, ko ki yanka. Na fi son yankakke, don ya fi saurin nuna kuma kayan ƙamshi sun fi ratsa shi. Ki yanka shi gutsi-gutsi kamar girman goro, ki zuba a roba, ki sa mai cokali biyu, gishiri rabin ƙaramin cokali, dunƙulen Maggi ɗaya, tafarnuwa ƙwaya uku dakakkiya, ɗan masoro, da albasa ɗaya babba da aka yanka da kauri. Albasar Marwa ba ta da na biyu a wannan aiki, tana narkewa ta yi zaƙi ta zama kamar miya a ƙarƙashin dankalin. In gidanku masu son yaji ne, ki jefa attaruhu guda ba tare da kin fasa shi ba, ƙamshin zai shiga, zafin ya tsaya iyakarsa. Ki cakuɗa da hannu har kowane yanki ya yi sheƙi. Mai man shanu na gaske, irin wanda matan Fulani ke kawowa, ta sa shi a madadin man kwalba. Daɗinsu ba ɗaya ba ne.

Abu biyu kada su shiga yanzu: lemon tsami da tumatir. Tsami yana cin alminiyom, sai ki ga takardar ta yi dabbare-dabbare ko ta huje, abincin ya ɗauki ɗanɗanon ƙarfe. Ki ajiye su sai an buɗe.

Naɗin shi ne rabin aikin. Ki yago takarda kamar tsawon kamu ɗaya, ki shafa mata ɗan mai a tsakiya, ki zuba rabon mutum ɗaya ko biyu, ki baje shi. Kada ki tula kilo guda a ƙunshi ɗaya, na tsakiya ba zai nuna ba sai na ƙasa ya ƙone. Ki ɗago gefe biyu masu tsawo su haɗu a sama, ki ninke bakin sau biyu ko uku, sa'an nan ki ninke kai da gindi. Ki bar ɗan sarari a ciki, domin gaskiyar magana wannan girki turare ne ya fi gashi yawa: ruwan jikin dankalin ne ke zama tururi ya dafa shi, takardar kuma ta hana tururin gudu. Ƙunshin da ya yoye, dankalinsa bushewa zai yi. Batun wane gefe ne zai kalli ciki, mai ƙyalli ko maras ƙyalli, kada ya dame ki. Bambancin daga injin da ya murza takardar ya samo asali, ba ya canza komai a girki.

Yanzu wuta, inda yawancin mutane ke ɓata abin. Harshen wuta ba ya gasa dankali, ƙona shi yake yi. Ki hura gawayi a kurfoti ki jira har ya daina hayaƙi, ya yi ja, farar toka ta lulluɓe shi. Iyayenmu da ke tura dankalin Hausa cikin rushi bayan an sauke tuwo sun san wannan tun kafin a san wata takarda. Ki ɗora waya, ki jera ƙunshin a kai, ki bar shi minti 15, ki juya, ki ƙara wasu 15. In za ki ajiye shi kai tsaye a kan garwashi, to lallai takarda biyu, kuma ki tura shi gefe inda zafin bai yi tsanani ba, kina juyawa duk bayan minti 10. Kunnenki zai taimake ki: ƙarar cuwa-cuwa a hankali alama ce ta komai lafiya, ƙaurin ƙuna kuwa yana nufin ki janye shi nan take. Tunda kifi ya fi dankali saurin nuna, ki ba dankalin ratar minti 15 kafin ki ɗora kifin, sai su sauka tare.

Mai oban ta kunna shi a digiri 200, ta ba shi minti 35 zuwa 40. A cikin maikurowef kam takardar alminiyom ba ta shiga ko kusa, tartsatsi take yi.

Wanda za a gasa ɗungurungum, a soke shi da cokali mai yatsu sau biyar ko shida, a shafe shi da mai da gishiri, a naɗe kowanne shi kaɗai. Matsakaici yana cin minti 45 zuwa awa ɗaya.

Kada agogo ya yanke miki hukunci, gawayi suna suka tara. Ki ɗauki tsinken tsire ki soka ta cikin takardar. Ya shige salin-alin, an gama. Ya tokare, a ƙara minti 5. Wajen buɗewa ki kawar da fuska, tururin nan yana tasar da fata. In kina son gefensa ya yi ɗan ja, ki buɗe saman ki mayar kan wuta na ɗan lokaci. Sai ki barbaɗa yajin ƙuli, ki matsa lemon tsami, ki watsa lawashi. Na ɗungurungum a tsaga shi biyu a sa man shanu, ko cokali ɗaya na kindirmo da aka ɗan sa wa gishiri da tafarnuwa.

Akwai kashedin da ba na wasa da shi. Da zarar ya sauka, a fitar da shi daga takardar, ko za a ci yanzu ko ba za a ci ba. Dankali ɗan ƙasa ne, kuma a cikin ƙasa akwai wata ƙwayar cuta da zafin gashi ba lallai ya kashe ta ba. Inda babu iska take samun sakewa, to ƙunshin da aka rufe ruf aka bari ya huce a ɗaki shi ne gidan da take nema. Dafin da take fitarwa yana shanye jijiyoyi har ya kai ga numfashi. A shekarar 1994, a garin El Faso na jihar Tekzas a Amurka, mutum 30 ne suka kwanta bayan sun ci wani haɗi da aka yi a gidan abinci da gasasshen dankalin da aka bari cikin takardarsa na kwanaki ba a firji ba. To bare mu nan Garwa, da zafin Maris da Afrilu ke haura digiri 40. Abin da ya ragu ki juye a kwano, ya shiga firji kafin awa biyu, a bazara ma kafin awa ɗaya. In babu firji, ko an ɗauke wuta, a kira yaran maƙwabta su tashi da shi.

Wanda ya kwana a firji kuwa, da safe ki zuba shi a kasko da ɗan mai har ya yi zafi ciki da waje, ki fasa ƙwai biyu a kai, a sha da shayi.