Babi na 7: Abin da Yaro Yake Koya a Gida Kafin Ya Shiga Firamare

Wannan darasi na iyaye ne, maza da mata, da kakanni, da yayye, da duk mai riƙon yaron da bai kai shekara 6 ba. Malami ya fara karantawa, ɗalibai su karɓa ɗaya bayan ɗaya. A ƙarshe akwai tambayoyi da aikin gida.

Yara biyu a aji ɗaya

Ku tambayi duk malamin da ya taɓa riƙe aji ɗaya na firamare. Yara kan zo ranar farko da kayan makaranta iri ɗaya, amma ba daidai suke ba. Wani ya san sunansa da na mahaifinsa da na unguwarsu, yana ƙirga har goma, in an tambaye shi ya amsa. Wani kuwa, sa'ansa ne, amma da an yi masa magana sai ya sunkuyar da kai yana murza bakin riga. Nan da nan sai a ce wancan mai ƙwaƙwalwa ne, wannan daƙiƙi. Sau da yawa an zalunci na biyun. Abin da ya raba su ya faru ne tun a gida, kafin su taka ƙofar makaranta.

Kafin yaro ya cika shekara 5, ƙwaƙwalwarsa ta kai kusan kashi 90 cikin 100 na girman ta babban mutum. A Najeriya kuwa sai ya kai shekara 6 yake shiga firamare. Tsarin ilimi na ƙasa ya tanadi ajin share fage na shekara ɗaya kafin nan, amma ba kowace makarantar gwamnati ce take da shi ba, nazare kuma sai mai kuɗi. Ke nan yawancin yaranmu a tsakar gida suke cinye waɗannan shekaru, sai ɗan lokacin makarantar allo ko Islamiyya.

Talauci yana da tasiri, kada mu ɓoye

Yaron da cikinsa ba komai ba ya koyo. Binciken lafiya na ƙasa na shekarar 2018 ya nuna kashi 37 cikin 100 na yaran Najeriya 'yan ƙasa da shekara 5 sun tsumbure, wato tsayinsu bai kai na shekarunsu ba saboda ƙarancin abinci mai gina jiki da yawan ciwo. A Arewa maso Yamma adadin ya kai kashi 57. Tsumburewa ba a jiki kaɗai take tsayawa ba, tana taɓa fahimta. Don haka nono zalla har wata 6, sannan kunu mai gyaɗa ko waken suya, da ƙwai in an samu, da zogale a miya, da gishiri mai sinadarin aidin, da rigakafi, da gidan sauro, duk suna cikin shirin makaranta.

Haka kuma ɗan malamin makaranta ya tashi yana ganin littafi da biro. Ɗan gidan da ba mai karatu bai ga wannan ba. Gaskiya ce. Amma kada mai ƙaramin ƙarfi ya ɗauka an rufe masa ƙofa. Ga dalili.

Abin da ya faru a Jamaika

A shekarun 1986 da 1987, a unguwannin talakawa na birnin Kingston a ƙasar Jamaika, masu bincike ƙarƙashin wata likita mai suna Sally Grantham-McGregor sun ɗauki yara 129 da suka tsumbure, 'yan wata 9 zuwa wata 24. Aka raba su kashi-kashi. Wasu gidajen, ma'aikaciyar lafiya takan je sau ɗaya a mako, ta yi kamar awa guda, har tsawon shekara biyu. Ba kuɗi take kaiwa ba. Zama take yi da uwa ta nuna mata yadda za ta yi wasa da ɗanta: ta faɗa masa sunayen abubuwa, ta yi masa waƙa, ta nuna masa hoto, ta yaba masa in ya yi daidai. Kayan wasan ma na gida ne, daga tarkacen da ake zubarwa aka haɗa su.

Bayan kimanin shekara 20 aka sake neman waɗannan yara, sun zama samari da 'yan mata. Waɗanda aka koya wa iyayensu wasan nan, abin da suke samu a sana'a ya fi na sauran da kusan kashi 25 cikin 100, har sun kamo takwarorinsu da ba su tsumbure ba. Ku lura: iyayen nan talakawa ne, yawancinsu ba su yi zurfin karatu ba. Ba gidan aka canja musu ba. Abin da ake yi a cikin gidan aka canja.

Magana ta je ta dawo

A 2018 masu bincike a jami'o'in MIT da Harvard a Amurka sun naɗi maganganun da ake yi a gidajen yara 36 'yan shekara 4 zuwa 6. Suka ga cewa yawan kalmomin da yaro ke ji bai kai muhimmancin yawan musayar magana da shi ba: a faɗa masa, ya mayar, a sake mayar masa. Surutu dai muna da shi a gidajenmu, Allah ya sani. Amma ku auna na yini ɗaya. Nawa ne a ciki "tashi daga nan", "bari", "ɗauko min buta", "rufe min baki"? Wannan umarni ne, ba hira ba.

Ga misali. Uwa tana zaune a kan tabarma da faifai tana tsince wake, 'yarta mai shekara 4 tana gefe.

"Zo ki taya ni. Wannan mene ne?"

"Wake."

"Wannan fa?"

"Dutse."

"Tsakuwa ce, ƙaramin dutse. Me zai faru in mun dafa da ita?"

"Haƙorin Baba zai karye!"

"To cire ta. Ware min masu huji a nan, masu kyau a nan. Masu huji nawa ne?"

"Ɗaya, biyu, huɗu."

"Mu sake tare. Ɗora yatsa a kan kowanne. Ɗaya, biyu, uku."

"Inna, wa ya huda shi?"

"Ƙwaro ne. Ke a ganinki ta ina ya shiga?"

Cikin minti biyar yarinyar nan ta koyi sabuwar kalma, ta rarrabe abu iri-iri, ta ƙirga tana taɓawa, ta yi tambaya an amsa mata, an kuma ba ta tunani ta yi. Da ta yi kuskure ba a ce mata sakarya ba. Uwar ba ta bar aikinta ba, ba ta kashe ko kwabo ba, ba ta kuma buƙaci sanin baƙi ko ɗaya ba. Haka za a yi wajen wanki, da launin kaya. Haka wajen ba awaki dusa. Haka uba zai yi a bakin shago ko a hanyar gona.

Al'adun da ya kamata mu duba

Akwai kunyar ɗan fari. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban mutane, wani lokaci uba ma haka. A da, gida cike yake da kaka da gwaggo da matan baffanni, su suke cike gurbin. Yanzu ma'aurata da yawa su kaɗai ne a ɗakin haya. In uwa ta kame bakinta don kunya, wa zai yi wa yaron hira? Ba a ce a zubar da alkunya ba. A gaban surukai a yi kara, in an shiga ɗaki a saki baki.

Akwai kuma hana yaro tambaya. Ladabi wajibi ne, yaro ya san gaisuwa, ya san ba a katse babba. Amma yaron da ake kwaɓe wa baki duk lokacin da ya ce "don me?" shi ne gobe zai kasa ɗaga hannu a aji.

Maza, wannan naku ne. Kawo cefane bai sauke nauyi duka ba. Minti goma bayan sallar magariba, ka ɗora yaro a cinya ka tambaye shi me ya gani yau, ya wadatar a fara. A gidan da yara suka yi yawa, ko akwai ɗan riƙo, ko maraya, a lura da wanda ba ya magana. Yawanci shi ake mantawa. 'Ya mace kuma kada a ce ai ita goyon ƙane da talla ne aikinta. Kanta ɗaya ne da na ɗan'uwanta.

Gadon da muke da shi

Tatsuniya makaranta ce. Daga "Ga ta nan, ga ta nanku" zuwa "Ƙurunƙus", yaro yana koyon sauraro, da bin labari daga farko zuwa ƙarshe, da riƙe abin da ya ji. In an gama labarin Gizo da Ƙoƙi a ce masa, "To kai ma ba ni." Ko ya hargitsa, a bar shi ya kai ƙarshe. Kacici-kacici ma haka: "Shanuna dubu, maɗaurinsu ɗaya." A ba shi lokaci ya duba tsakar gida kafin a ce tsintsiya. Kakar da ba ta taɓa riƙe biro ba tana iya fin mai digiri amfani a nan.

Abin da ya kori tatsuniya a gidaje da yawa shi ne waya. Yaro ya yi kuka, a miƙa masa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara a 2019 cewa yaron da bai kai shekara 2 ba kada a zaunar da shi kallon waya ko talabijin, ɗan shekara 2 zuwa 4 kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. Waya tana yi wa yaro magana, amma ba ta jiran amsarsa.

A yi masa duk wannan da Hausa, ko Fulatanci, ko Kanuri, ko duk harshen da aka fi iyawa a gidan. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida ya fi saurin kama na makaranta.

Ku da kuke wannan aji

Yanzu kuna da abin da ba ku da shi bara, wato iya karatu da rubutu. In kun buɗe wannan littafi a gida, ku bar yaro ya zauna kusa. Ku nuna masa harafin farko na sunansa, ku neme shi tare a jikin kwalin ashana, ko gwangwanin madara, ko kalanda. Ku ba shi gawayi ya yi zane a ƙasa. Zanen banza ne a idonku, amma hannu yake koyon riƙe alƙalami. Sai dai kada a tsare ɗan shekara 3 da bulala a ce sai ya rubuta. Wanda aka fara da duka yakan tsani littafi.

Tambayoyi

1. Waɗanne abubuwa ma'aikaciyar lafiya take koya wa iyaye mata a Jamaika?
2. A hirar tsintar wake, me uwar ta yi da yarinyar ta yi kuskuren ƙirga?
3. A gidanku, wa ya fi yi wa ƙananan yara hira? Wane yaro ne ba a cika yi wa ba? Ku tattauna biyu-biyu.

Aikin gida

Ku zaɓi aiki ɗaya da kuke yi kullum, ku yi shi tare da yaro, ku yi masa tambaya uku, ku jira amsa kowace. Ku rubuta tambaya ɗaya da amsar da ya bayar a littafinku, yadda ya faɗe ta, ko da layi biyu ne. Sannan ku nemi kacici-kacici ɗaya wurin wani tsoho ko tsohuwa a unguwa, ku rubuto shi. Mako mai zuwa kowa zai karanta nasa, sauran aji su ba da amsa.