Darasi na 6: Gane Tsiro Daga Ganyensa

Kafin a zauna, kowa ya fita ya tsinko ganye iri 3. Ban da tumfafiya, don nononta na cutar da ido.

Matar da ta saba neman ganyen miya ba ta dogon tunani kafin ta kai hannu kan tafasa. Amma in 'yarta ta ce, "Inna, yaya kika gane ta?" sai ta ce, "Ke dai ki riƙa dubawa." Sanin yana nan, bakin faɗa ne babu. Yau za mu koyi abin da ake dubawa da yadda ake faɗarsa.

A fara da siffa. Ganyen mangwaro falle ɗaya ne, dogo, mai tsini. Na kalgo a tsage yake daga sama kamar sawun raƙumi. Na kuka kamar hannu ne a buɗe, yatsu 5 zuwa 7, kowane yatsa zaman kansa yake. Na rogo ma kamar hannu ne, sai dai yatsunsa a haɗe suke daga gindi. A kula: ɗan kukan da bai daɗe da tsirowa ba ganyensa falle ɗaya ne, yatsun sai ya tasa. Don haka mai noma kan iya sare shi bai san kuka ya kashe ba.

Zogale kan ruɗi mutane. Waɗannan ƙananan da muke zagewa a yi kwaɗo, 'ya'yan ganye ɗaya ne babba. Ga yadda za ka tabbatar. Bi sandar ganyen har inda ta manne da reshe. A wannan hamatar za ka ga ɗan idon da sabon toho ke fitowa. Inda idon yake, nan ganye ya fara. A gindin 'ya'yan ganye ba za ka same shi ba. Haka tsamiya da darbejiya suke.

Sai baki. Shafa gefen ganyen da yatsa. Na mangwaro da na zogale sumul suke. Na darbejiya haƙora gare shi kamar zarto, ga shi a lanƙwashe kamar lauje. Lalo ma na da haƙoran, amma tana da shaidar da ba ta ɓuya: a gindin ganyen, dama da hagu, akwai 'yan siraran jela guda 2 kamar gashi. Ni dai in na ga jelar nan hankalina kan kwanta.

Yanzu ɗaga ganyen sama ta wajen haske, ko ka juya bayansa. Layukan nan su ne jijiyoyi, ta cikinsu ruwa ke hawa daga saiwa, abincin da ganye ya haɗa kuma ya sauka. A gero, dawa, masara da shinkafa, jijiyoyin a jere suke daga gindi zuwa tsini kamar kunyoyin gona. Shi ya sa ganyen masara ke yagewa a miƙe. A wake, gyaɗa da kuɓewa kuwa sun yi rassa, sun sarƙe kamar raga. Wannan bambanci har cikin ƙasa ya kai. Masu jijiya a jere saiwarsu gashi-gashi ce, ƙwayarsu ba ta rabewa. Masu raga yawanci suna da uwar saiwa mai nutsewa, ƙwayarsu kuma na ɓarewa gida 2, kamar yadda gyaɗa ke yi a hannu. Magarya tata alamar daban: manyan jijiyoyi 3 ne suka taso tare daga gindi, bayan ganyen kuma fari-fari ne.

Mu gwada da tafasa da rai-ɗore, waɗanda kan fito wuri ɗaya da damina, furensu duka rawaya. Tafasa 'ya'yan ganyenta 6 ne, bibbiyu suna fuskantar juna, bakinsu a faɗaɗe, ba tsini. Na rai-ɗore yawanci sun fi haka yawa, kuma kowanne ya ƙare da tsini kamar mashi. Da ƙirga da duban baki an raba gardama.

Duk da haka, ganye kaɗai bai isa a zuba abu a tukunya ba. Yakuwa da rama kan sauya siffa a jikin tsiro ɗaya: na ƙasa falle, na sama mai yatsu. Zurma kuma daga nesa ta yi kama da rogo, alhali ƙwayarta guba ce mai kisa. Ita zurma bakin ganyenta zarto ne, na rogo sumul. In kana shakka, dubi kara da fure da 'ya'ya, ka kai wa dattijuwar da ta sani ko malamin gona.

Aiki

Ɗora ganyenka a kan benci, bayansa na sama. Rufe shi da takarda, ka goga fensir ko gawayi a hankali har jijiyoyin su fito. A ƙasan hoton rubuta sunan tsiron, sannan ka cike:

Siffarsa kamar ______. Bakinsa ______ ne. Jijiyoyinsa ______.

Rubuta waɗannan kalmomi sau 3: ganye, jijiya, ƙwaya, kuɓewa, rai-ɗore. A lura da lanƙwasar ƙ, ɓ da ɗ.

Gobe kowa ya zo da ganye 1 da bai san sunansa ba, tare da ɗan reshensa.