Yadda ake gane bishiya daga zaman ganyenta a kan reshe

Fure da 'ya'ya su ne babbar shaida wajen gane bishiya, sai dai yawancin itatuwanmu makonni kaɗan suke yi da su a shekara. Ganye kuwa yana daɗewa, kuma zamansa a kan reshe ba ya bin taki ko fari. Zai iya ƙanƙancewa, zai iya koɗewa, amma bishiyar da ke fitar da ganye biyu a gaɓa ɗaya haka za ta yi bana, haka za ta yi baɗi. Shi ya sa ma'aikatan gandun daji ke fara duba gaɓa kafin su kalli ɓawo ko tsayi.

Kayan aikin ba su da yawa: wuƙa mai kaifi, farar takarda, rula, tsohuwar jarida da waya mai kyamara. Yanko reshe mai tsawon santimita 30 zuwa 40 wanda ke da gaɓa takwas ko fiye, daga ɓangaren da rana ke bugu. Ɗaya ba ya isa, ka yanko uku daga wurare daban-daban. Ka guji tohon kututture da reshen da ya fito bayan makiyaya sun sassabe bishiyar, domin ganyensu kan yi girma fiye da kima, siffarsa ta rikice. Kafin ka sa wuƙa kuma, bi reshen da ido har inda ya haɗu da uwar bishiya. Kauci na zama a kan kaɗanya da ɗorawa ya yi luf, ganyensa mai kauri ya cakuɗu da nasu, wanda bai lura ba sai ya koma gida da ganyen baƙo yana neman sunan mai gida.

Ana yawan faɗuwa tun kafin a fara ƙirga, saboda ba a tantance mene ne ganye ɗaya ba. Ɗauki tsamiya. Ƙananan fallayen nan da suka jeru biyu-biyu suna fuskantar juna ba ganyaye ba ne. Dukkan jerin, sahu 10 zuwa 18 tare da siririyar sandar da ke riƙe da su, shi ne ganye ɗaya. Wanda ya ɗauki kowane falle a matsayin ganye zai ce ganyen tsamiya biyu-biyu yake zama, alhali ɗaya-ɗaya ne, daga nan duk lissafinsa ya karkace.

Abin da ke raba gardamar shi ne ido. A lungun da sandar ganye ta haɗu da reshe akwai ɗan ƙaramin toho a kwance, kamar idon da ke gaɓar rake, wanda daga gare shi sabon reshe ko fure zai fito. Ganye na gaskiya yana da wannan ido a gindinsa, falle ba shi da shi. Saboda haka ka kama abin da kake zaton ganye ne, ka bi sandarsa zuwa baya har sai ka ci karo da ido. Duk abin da ke gaba da idon, ko falle ɗaya ne ko ɗari, ganye ɗaya ne. Idan idon ya yi ƙanƙanta, ɗauki hotonsa da waya ka buɗa hoton. Akwai kuma alamomi biyu masu taimakawa. Sandar ganye ba ta ci gaba da tsawo, tana ƙarewa da falle ko da ɗan tsinke, reshe kuwa yana ƙarewa da toho mai ci gaba. Sannan a tsamiya da ɗorawa da danginsu gindin sandar a kumbure yake, daidai inda ta manne da reshe.

Da ka san ganyenka, sai ƙirga. Shimfiɗa reshen a kan farar takarda, ka tsallake gaɓoɓi biyu ko uku na can ƙarshe inda sababbin ganye suka cunkushe, ka duba sauran ɗaya bayan ɗaya. Ganye nawa ke fita daga kowace gaɓa? Ko ɗaya, na gaba ya fito a sama da shi ta wani gefen; ko biyu suna fuskantar juna; ko uku zuwa sama sun kewaye gaɓar. Idan ka ga ɗaya, juya reshen ka duba bayansa tukuna. Akuya ko iska na iya cire abokin zamansa, amma tabon inda ya zauna yana nan. Da wannan tabon ake karanta reshen da ya kaɗe ganye tas da rani.

Wanda ya samu biyu-biyu ya yi sa'a, don masu wannan zama ba su da yawa a dajinmu. Idan kowane ganye fallaye biyar ne da suka baje daga kan sanda ɗaya, masu kauri da zagayayyen kai, na tsakiya ya fi girma, ɗinya ce. Kuka da rimi ma fallayensu daga wuri ɗaya suke bajewa, na kuka 5 zuwa 7, na rimi 5 zuwa 9 sirara masu tsini, amma su ɗaya-ɗaya suke zama. Wannan bambancin kaɗai ya isa ya raba matashiyar ɗinya da su tun ba ta yi 'ya'ya ba. Idan ganyen falle ɗaya ne, duba tsakanin gindin sandunan biyu. Ɗan ƙaramin kunne da ya haɗa su, ko layin da ya bari bayan ya faɗi, yana nuna giyayya idan a fadamar da ruwa ke kwanciya kake, ko tafashiya idan ganyen babba ne mai sheƙi kuma rassan na kwantowa ƙasa. Ganye mai ruwan toka da ɗigo-ɗigon baƙi a bayansa sabara ce. A cikin gari kuwa, ɗanyen reshe mai kusurwa huɗu gwaba ce, faffaɗan ganye mai 'yan ƙulli biyu a gindin fallen kuma malaina ce.

Uku-uku sun fi ƙaranci. Gauɗe na yi, gajere ne mai taurin rassa. Rahaina, wadda wasu ke kira nonon giwa, na yi, amma ita kowane ganye jerin fallaye ne masu kaushi. Taramniya takan yi uku a wani reshe, biyu a wani.

Akwai masu zaman tsaka-tsaki, kuma marke ne shugabansu. A reshe ɗaya za ka ga ganye biyu sun kusa fuskantar juna, ɗaya ya ɗara ɗaya da 'yan milimita, can gaba kuma sun rabu sarai. Kada ka tilasta masa shiga wani rukuni. Wannan rashin tsayawar ita kanta shaida ce, idan ka haɗa ta da ƙananan ganye, siraran rassa masu sunkuyowa da ɓawo mai ɓarewa faci-faci. Turare ma na ruɗarwa ta wata hanyar: ganyensa na farko yana ɗan tsiro biyu-biyu ne, idan ya girma ya koma ɗaya-ɗaya. Dashen kuka kuwa da ganye mai falle ɗaya yake farawa, sai daga baya ya rarrabu.

Mafi yawan lokaci amsar ɗaya-ɗaya za ta fito, kuma a nan aikin yake, tunda ka rage kaɗan ne kawai. Tambaya ta gaba ita ce sau nawa ganyen ya rabu.

Idan sau ɗaya ne, wato sanda ɗaya da fallaye a gefe da gefe, duba ƙarshenta da bakin fallayen. Tsamiya da maɗaci duk da falle biyu suke ƙarewa, amma na tsamiya ƙanana ne, ba su cika wuce santimita 3 ba, na maɗaci kuwa manya ne, sahu 3 zuwa 6, bakinsu sumul. Darbejiya, da ake kira dogon yaro ko bedi, fallayenta a lanƙwashe suke, bakinsu da haƙora, gefe ɗaya ya fi ɗaya faɗi. Taura da maje sai ka ɗaga falle ka kalli rana ta cikinsa, za ka ga ɗigo-ɗigon haske. Aduwa ita ce mafi sauƙi: fallaye biyu rak a kan gajeriyar sanda, da doguwar ƙaya kore a kusa. Kada a haɗa ta da kalgo, wanda falle ɗaya ne da ya tsage daga sama bai kai ƙasa ba.

Idan sau biyu ne, sanda ta fitar da ƙananan sanduna, su kuma suka fitar da fallaye, sai ka nemi ƙaya. Ba ƙaya, ganye dogo mai ɗaruruwan ƙananan fallaye: ɗorawa. Ba ƙaya, ƙananan sandunan sahu 2 zuwa 4 kawai: ƙirya. Ƙaya biyu miƙaƙƙu a gaɓa, reshe fari-fari mai karkacewa daga gaɓa zuwa gaɓa, bishiyar kuma kore shar da rani, tsirara da damina: gawo. Ƙaya biyu, ɓawo baƙi mai tsagewa, fure rawaya dunƙule-dunƙule: bagaruwa. Ƙaya uku gajeru, ta tsakiya ta lanƙwasa ƙasa, na gefe sun kalli sama: ɗakwara. A wannan rukunin ne samberu yake, marar ƙaya, mai kashe dabba, don haka ba a ɗanɗana ganyen da ba a sani ba da sunan gwaji.

Masu falle ɗaya su ne suka fi buƙatar haƙuri. Tsinke ganye ɗaya ka jira daƙiƙa kaɗan. Idan farin ruwa ya ɓullo, ƙarshen reshen kuma yana da tsinin toho a naɗe, kowace gaɓa da zobe kewaye da ita, dangin ɓaure ne: ɓaure mai kaushin ganye, gamji mai manyan ganye, durumi mai sheƙi da doguwar sanda, ceɗiya mai ƙananan ganye da saiwoyi masu saukowa daga rassa. Ka kiyaye idonka da kowane farin ruwa, ka wanke hannu. Idan ganyayen sun taru cunkus a ƙarshen kakkauran reshe har ka ɗauka a gaɓa ɗaya suke, bankaɗa su ka duba, za ka ga kowanne da matakinsa, suna hawa a murɗe. Haka kaɗanya take, haka namijin kaɗe, kuma daga nesa ba a raba su. Daga kusa kaɗanya na da farin ruwa da doguwar sandar ganye, namijin kaɗe ba shi da farin ruwa, sandarsa gajeriya ce, ganyen ya fi tsawo, jijiyoyinsa sirara ne a matse. Magarya da kurna ma tagwaye ne: jijiya uku daga gindin falle, ƙaya biyu a gaɓa, ɗaya miƙaƙƙiya ɗaya lanƙwasassa. Juya ganyen. Bayan na magarya fari ne mai laushin gashi, na kurna kore ne.

Idan ka zo nan sunaye biyu ko uku suka rage maka, ka yi ƙoƙari, sauran na ɓawo ne da wurin da ta tsiro da tsofaffin 'ya'yan da ke zube a gindinta. Nuna wa makiyayi ko maharbi ko tsohon manomin yankin reshen gaba ɗaya, ba tsinkakken ganye ba, don ganye shi kaɗai ya riga ya rasa gaɓarsa da idonsa. Idan kuma sunan kimiyya kake so, sai ka busar da samfurin ka kai ma'ajiyar busassun tsirrai irin ta sashen nazarin tsirrai na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Zariya. Shimfiɗa reshen cikin jarida tun bai yi yaushi ba, ka juya ganye ɗaya ko biyu bayansu ya kalli sama, ka danne da katako da abu mai nauyi a inuwa. Sauya jaridar kullum a kwanaki ukun farko, musamman da damina, in ba haka ba ya yi fumfuna ya baƙe. Kada ka bar shi ya kwana a leda, fallayen irin su ɗorawa da gawo zubewa suke yi. A jikin jaridar rubuta ranar, garin, irin ƙasar, kimanin tsayin bishiyar, launin ɓawo, da ko ta fitar da farin ruwa, domin waɗannan ba sa bayyana a busasshen reshe.