Kafin ka kama ɗaki a tsohuwar masaƙa a Ingila

Arewacin Ingila cike yake da tsofaffin masaƙu na dutse da aka gyara, aka yanka su ɗaki-ɗaki ana ba da haya. Dean Clough da ke Halifax na cikinsu: iyalan Crossley sun daɗe suna saƙa kafet a wurin har aka rufe a 1982, wani ɗan kasuwa, Ernest Hall, ya saya a 1983, yau ofisoshi ne da ɗakunan masu zane da wuraren cin abinci. Ni ɗinki nake yi a wani ginin daban mai irin wannan tarihi, kuma shawarata ita ce kada kuɗin hayar da aka rubuta a talla ya ruɗe ka.

Fara da tambayar wace irin takarda za a ba ka. Akwai lasisi na wata-wata, mai sauƙin shiga da fita, amma mai gini ma yana iya sallamar ka da ɗan gajeren wa'adi. Akwai kuma haya ta shekaru. Dokar masu gini da 'yan haya ta 1954 ta ba ɗan kasuwa ikon sabunta irin wannan haya, sai dai masu gini da yawa suna sa ka sa hannu cewa ka yafe ikon. In shekaru za ka ɗauka, nemi a rubuta ranar da za ka iya fita kafin wa'adi ya cika.

Sai lissafi. Bayan haya akwai kuɗin hidima na shara, gadi, lif da gyaran rufi, kuma rufin da ya haura shekara 100 ba ya rabuwa da gyara. Ka ce a nuna maka abin da aka caji masu haya bara. Tambayi ko za a ɗora harajin VAT na kashi 20. Harajin wurin kasuwanci kuwa, in kimar hayar ɗakin a wurin hukuma ba ta wuce fam 12,000 ba kuma shi kaɗai gare ka, ba ka biya, amma sai ka nema a ƙaramar hukuma.

Je duba ɗakin da sanyin safiya, a Janairu in da hali. Manyan tagogin nan da aka yi don masaƙa su ga zare suna da daɗin aiki, amma sa tafin hannunka a gefen gilashin ka ji iskar da ke kutsowa. Maƙwabciyata mai yin tukwane da safar hannu take aiki har Maris. Ƙirga soket, ka gwada lif da faɗin teburin yankanka.

Da yawa daga cikin gine-ginen nan suna cikin rajistar kayan tarihi, don haka huda bango ko sauya taga sai da izini. Ranar karɓar makulli, ɗauki hoton kowace tsaga da tabon ruwa, a haɗa da yarjejeniyar, ku sa hannu ku biyu. In babu wannan, ranar fita kai za a ce ka gyara.