Darasi na 9: Rage wa mota tsayi ba tare da ta zama amalanke ba

Duk wanda ya taɓa hawa amalanken shanu daga gona zuwa gida ya san yadda kowane dutse yake ratsa ƙashin bayansa. Dalili kuwa, amalanke ba shi da komai tsakanin taya da katakon da ake zama a kai. Mota tana da abu biyu a wannan wurin: sifirin da shokazoba.

Sifirin shi ne yake ɗauke da nauyin mota. A ƙananan motoci irin su Golf, ƙarfe ne nannaɗaɗɗe. A bayan akori-kura kuma falle-falle ne, an ɗora wani kan wani. Shokazoba ba ya ɗaukar nauyi. Aikinsa shi ne ya hana sifirin ci gaba da rawa bayan taya ta faɗa rami. A riƙe wannan bambanci da kyau, domin mutane da yawa suna sayen sabon shokazoba don motarsu ta zauna, alhali sifirin ne ya gaji.

Yanzu samari suna ganin motocin birni a waya, cikinsu kamar zai taɓa ƙasa, sai sha'awa ta kama su. Akwai amfani a ciki, ba a musu: motar da ta yi ƙasa ba ta cika karkata a kwana ba. Amma a duba abin da ake bayarwa a madadin haka. Tsakanin taya da jikin mota akwai fili. A cikin filin nan taya take hawa da sauka. Idan ya ƙare, sai jikin mota ya daki wata roba mai tauri da aka sa domin tsayar da shi, ka ji "gum" har cikin haƙoranka. Duk santimita ɗaya da aka rage wa mota, daga wannan fili aka cire shi.

Na taɓa zama a wani gareji a hanyar Ringim, wani saurayi ya zo da motar da ya saya, ya ce wa makaniken: "Baba, so nake a yanke mini sifirin, zagaye biyu-biyu." Dattijon bai ce komai ba, ya durƙusa ya zura tafin hannunsa tsakanin taya da madigadi, yatsu huɗu suka shiga. Ya ce: "Yaro, ranar Alhamis idan ka ɗauko mutum biyar da buhu biyu daga Maigatari, yatsa nawa za su rage?" Saurayin ya yi shiru.

Yankan sifirin shi ne hanya mafi arha, kuma shi ne yake lalata daɗin tafiya. Sifirin da aka gajarta yana ƙara tauri, ga shi ba ya zama daidai a mazauninsa, har yana iya zamewa idan taya ta rataya a rami. Wanda ya fi wannan muni shi ne a kai wa mai walda ya gasa shi da wuta har ya lotsa. Wuta tana kashe ƙarfen. Ba zai ƙara dawowa yadda yake ba, kuma gefe ɗaya zai fi ɗaya zama. Wannan kada a yarda da shi ko da kyauta ne.

Wanda ya nace yana so, akwai sifirin da kamfani ya ƙera gajere tun asali. Yawancinsu suna sauke mota da santimita 3 zuwa 4. A hanyoyinmu, ni dai ba zan wuce 3 ba. A nemi irin wanda bakinsa yake da laushi, yana ƙara tauri idan nauyi ya danne shi. A haɗa shi da shokazoba da ya dace da tsayinsa, domin tsohon shokazoba zai riƙa aiki a matse, ya fara zubar da mai da wuri. Idan za a shiga kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano neman kayan, a tafi da makanike, a kuma tafi da sunan motar da shekararta a rubuce a takarda. A canja biyun gaba tare, biyun baya tare.

Kada a haɗa rage tsayi da taya mai gajeren gefe da babban ƙarfe a tsakiya. Iskar da ke cikin taya ita ce matashi na farko da yake shanye burji. Bayan an gama aiki kuma a kai mota a daidaita ƙafafunta, in ba haka ba taya za ta cinye ta gefen ciki cikin 'yan watanni.

Sai kuma abin da yake ƙarƙashi. Kaskon baƙin mai da salansa su ne suke fara gaisawa da tudun rage gudu da ake yi a bakin ƙauyuka, da kuma doron yashin da manyan motoci suke bari a tsakiyar hanya da damina. Kasko ya fashe, mai ya tsiyaye, inji ya tafi.

Aikin gida

A samu motar wani ɗan'uwa ko maƙwabci a wuri mai shafe. A ari tef ɗin tela. A auna daga ƙasa zuwa bakin madigadi a ƙafa huɗu, a rubuta lambobin a littafi. A sa mutane su shiga, a sake aunawa, a rubuta. A danna kusurwar motar da ƙarfi a saki: idan ta yi rawa fiye da sau biyu, shokazoba ya mutu.

Sannan a yi wannan lissafi. Cikin mota yana da tazarar santimita 15 daga ƙasa. An rage mata 3. Fasinja da buhuna sun ƙara danne ta da 4. Santimita nawa suka rage? A zo da amsar aji na gaba, tare da awon tudun rage gudu mafi tsayi da yake ƙauyenku.